Rabin kwanon da kompaila ya cinye

1/ Jama'a ku matso. Baba, wanda bai taɓa kunna laftof ba, ya kamo kuskuren da na yi sati uku ban gani ba. 🧵

2/ Ina aji uku a Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil. Furojet ɗina ƙaramin yaren kwamfuta ne na Hausa, da kompailansa, wato manhajar da ke juya rubutunka zuwa abin da na'ura ke ganewa. Saura kwana biyar in gabatar.

3/ Na je gida Darki, na ce bari in burge Baba da lissafin geronsa. Kwano 2,000, an auna uku da rabi. Na rubuta 2000 * 3.5. Allo ya nuna 6000.

4/ Ko kallon allon bai yi ba. "Kai yaro, dubu bakwai ne. Ina rabin ya tafi?" Wallahi sai da na yi gumi. 😭

5/ Na juya, 3.5 * 2000. Sai ga 7000. Ikon Allah!

6/ Ashe ni na jawo. Kwamfuta na bambanta cikakkiyar lamba, irin 2000, da mai ɗigo, irin 3.5. Ni kuma na sa kompailan ya duba ta hagu kawai, ya tilasta wa ta dama bin nau'inta. Sai 3.5 ta koma 3.

7/ Yaren C ya daɗe da warware wannan: in ɗaya mai ɗigo ce, a mayar da ɗayar mai ɗigo kafin a lissafa. Layi huɗu na gyara.

8/ Abin da ya fi tsorata ni, duk gwaje-gwajena sun wuce lafiya, don ban taɓa sa cikakkiya a hagu, mai ɗigo a dama ba. Ba jan rubutu, ba gargaɗi.

9/ Kar ku raina irin wannan. Ranar 4 ga Yuni 1996, rokar Turai Ariane 5 ta tarwatse kimanin daƙiƙa 40 da tashi, saboda an cusa lamba mai ɗigo ta bit 64 cikin cikakkiya ta bit 16.

10/ Yanzu duk inda ɗigo zai salwanta, kompailan tsayawa yake ya yi ƙorafi. Gwaji na farko kuwa geron Baba ne.

11/ Na nuna masa 7000. Ya ce, "To, madalla. Amma dai ba zan bar mata aljihuna ba tukuna."