Keken ɗinkin da aka sayar a bakin ƙofa

Ni na nema mata gurbin, kuma wannan ne tushen fushin da na yi da ita daga baya.

Gidanmu yana Nassarawa GRA, a ɗaya daga cikin layukan nan masu inuwar darbejiya da dogayen katangu, inda mutum zai shekara bai ga fuskar maƙwabcinsa ba amma kullum yana gaisawa da maigadinsa. Namu maigadin dattijo ne da ya haura shekara 10 tare da mu, Baba muke ce masa. Iyalinsa suna Badawa, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba. A ƙarshen 2023, watanni kaɗan bayan cire tallafin man fetur, auren babbar 'yarsa ya mutu, ta dawo gida da yara uku, ta kafa kaskon awara a ƙofar gida. Ana haka sai na ji labarin wani shirin gwamnati na koya wa mata marasa galihu ɗinki na wata uku, da alkawarin ba kowace mace keke ranar yaye. Waya biyu na yi, sunanta ya shiga. A lokacin ban tsaya tambayar kaina makomar matar da ubanta ba ya gadi a GRA ba.

An yi bikin yaye kamar yadda aka saba: rumfuna, kujerun roba, 'yan jarida, kekuna jere cikin kwalayensu, da jawabin nan da ba ya tsufa, wai gwamnati ta daina ba mutane kifi, koya musu kamun kifi take yi. Bayan mako biyu na ba Baba turmin atamfa ya kai mata, ina so in zama mai kawo mata ɗinki ta farko. Washegari ya dawo mini da ita a ledarta, kansa a sunkuye.

"Hajiya, ai keken babu shi. Tun ranar aka sayar."

Ashe tun kafin a tashi daga taron dillalai suna tsaye a bakin ƙofa da kuɗi a hannu. Sun san ranar, sun san farashi, sun kuma san mata nawa ne ba za su kai keken gida ba.

Na faɗi abin da ake faɗa a falukanmu idan irin wannan ta faru: talakanmu ba ya son tsayawa da ƙafarsa, kome ka yi masa a banza. Maganar ta isa gare ta, sai ta zo da kanta, ta zauna a gefen kafet, ta ƙi hawa kujera.

"Hajiya, ki yi haƙuri, wallahi ba raini ba ne. Bari in lissafa miki."

Aikina ke nan, lissafin kuɗin kamfanoni nake dubawa, don haka na saurare ta da kunnen mai neman kuskure. Awara sana'ar yini ce: a jiƙa wake, a kai markaɗe, a tace, a dafa, sannan a soya da yamma. Mai fita da safe ta dawo bayan la'asar ba za ta yi ta ba, saboda haka wata uku babu ko sisi da ya shigo mata. Kuɗin adaidaita zuwa da dawowa kuwa kullum ne, kuma kuɗin motar da aka yi musu alkawari sau ɗaya ya fito. Mai kanti yana binta garin masara da mai da sabulu. Ƙaramin ɗanta ya kwanta zazzaɓi, maƙwabciya ta ranta mata kuɗin magani.

"Kuma Hajiya, mu takwas ne a kan keke ɗaya a ajin. Abin da na iya shi ne dajiyar zani da rigar yara. Wa zai ba ni atamfarsa mai tsada in sa mata almakashi? A layinmu teloli biyar ne, kowanne ya fi shekara goma yana yi. Ko an kawo mini, da me zan sayi zare da zif da shafi?"

Ta sayar da keken, ta biya bashi, ta sayi waken suya da mai, ta koma kaskonta. Na bi lissafin nan daga sama har ƙasa ban sami ɓaraka ba. Da kamfani ne ya zo mini da kadarar da ba zai iya juyawa ba, ga bashi a wuya, ga tsohuwar sana'ar da ke kawo kuɗi ta tsaya, shawarar da zan ba shi ke nan.

Shirin da ta shiga ɗaya ne daga dogon jeri. Gwamnatin Babangida ta kafa hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, NDE, a 1986, shekarar da aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP. Obasanjo ya zo da NAPEP a 2001, Jonathan da SURE-P a 2012 bayan zanga-zangar ƙarin kuɗin mai. Buhari ya kawo N-Power a 2016, inda matasa 500,000 na rukuni biyun farko suka riƙa karɓar naira 30,000 a wata, yawancinsu suna koyarwa a makarantun firamare, har aka sallame su a 2020. A 2021 aka yi aikin wucin gadi na mutum 774,000, dubu ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma, naira 20,000 a wata har wata uku. Rabon Kano da ƙananan hukumominta 44 ya kama mutum 44,000. A nan jiha, Kwankwaso ya buɗe cibiyoyin koyon sana'a sama da 20 tsakanin 2011 da 2015, irin su ta kiwon kaji a Tukui, ta kiwon kifi a Bagauda da ta ilimin kwamfuta a Kura. Da yawa sun daina aiki bayan sauyin gwamnati, sai a zamanin Abba Kabir Yusuf aka koma farfaɗo da su. Ganduje ya gina tasa katafariyar cibiyar a kan titin Zariya, ya sa mata sunan Aliko Ɗangote.

Kowanne daga cikin waɗannan zai iya gaya maka mutum nawa ya horar. Adadin shi ne kanun labari, shi ne kuma abin da ake biyan ɗan kwangila a kansa. Lambar da ta fi muhimmanci, wato mutum nawa ne har yanzu suke cin abinci da sana'ar bayan shekara guda, ba ta cikin jawabin kowa, domin aikin jami'i yana ƙarewa ne a ranar yaye, daidai ranar da wahalar mai koyo take farawa.

Inda aka auna, sakamakon ba mai daɗin ji ba ne. A 2017, David McKenzie na Bankin Duniya ya tattara gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashe masu tasowa, irin waɗanda ake jefa ƙuri'a a horar da wasu a bar wasu, sannan a bi sawun duka ɓangarorin biyu. Abin da ya samu shi ne, a cikin kowane mutum 100 da aka ba damar koyon sana'a, waɗanda suka sami aikin da ba za su samu ba in babu horon ba su kai uku ba. Sauran ko dai da ma za su samu, ko kuma horon bai canza musu komai ba.

Akwai dalilin da ya sa abin ya fi yi mana nauyi a nan. Tunanin horar da mai karɓar tallafi domin ya koma aiki ya fi ƙarfi ne a ƙasashe irin su Amurka, inda dokar 1996 ta zamanin Clinton ta ɗaure tallafin talakawa da sharaɗin neman aiki. Ko me za a ce game da wannan doka, an gina ta ne a kan cewa akwai mai ɗaukar ma'aikata yana jira a ɗaya ƙarshen. Mu kuwa, ƙididdigar hukumar NBS ta 2023 ta nuna sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya ba a ƙarƙashin wata ma'aikata mai tsari suke ba. Wanda ya ratsa Bompai, nan bayan unguwarmu, ya ga masana'antun da ciyawa ta cinye harabarsu, ba ya bukatar ƙididdiga. Don haka idan aka yaye mace a Kano, ba ma'aikaciya aka yaye ba. An ce mata ne ta je ta zama mai kamfani, ta nemo jari da wurin zama da masu saye, ita kaɗai, da bashin wata uku a kanta.

Abin dariya, shirye-shirye biyun da sunansu ya zauna a bakin jama'a duk a jikin babur mai ƙafa uku ya zauna: Keke NAPEP a sauran sassan ƙasa, A Daidaita Sahu a Kano, daga shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin Shekarau. Da aka hana acaɓa a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero, sai sana'ar ta cika gari. Ba a yi wa direbobin nan bikin yaye ba. Abin da suka samu shi ne fasinja a bakin titi, mai kuɗin da zai sayi babur ya ba su suna kawo balas, da kuɗin cefane tun ranar farko.

Gwajin da ya fi ba ni haske a maƙwabta aka yi shi. A lokacin, Jamhuriyar Nijar tana da shirin ba matan gidaje mafiya talauci sefa 10,000 a wata. A ƙauyuka sama da 300, ciki har da na jihohin Maraɗi, Tawa da Damagaram, aka ɗora wa waɗannan mata wasu abubuwa a kan tallafin: ƙungiyar ajiya da rance mai kama da adashe, ɗan gajeren horo kan tafiyar da sana'a, da mai bibiya da ke zagayowa. Wasu aka ƙara musu jarin sefa 80,000 a dunƙule. Wasu aka yi musu bita kan yanke shawara da dogaro da kai, aka kuma haska wa dukan gari, har da mazaje da dattawa, wani fim da aka tattauna a kansa a dandali. Wasu suka sami duka biyun. Sakamakon da mujallar Nature ta buga a 2022 ya nuna cewa bayan wata 18 kuɗin da matan suke samu daga sana'a ya ƙaru, abincin gidajensu ma ya ƙaru, a dukan rukunan uku. Wanda babu jarin a cikinsa, da yake ya fi araha, shi ya fi saurin mayar da kuɗin da aka kashe a kansa.

Abin lura a nan, ba a ɗauke matan daga abin da suka sani an kai su aji an ce kowa ta zama tela ba. An bar kowace ta zaɓi abin da take ganin kasuwarsa a garinsu, kuma an ɗora shirin ne a kan tallafin wata-wata da suke karɓa, ba a madadinsa ba. Hausawa sun riga masu bincike faɗa: da ruwan ciki ake jan na rijiya. Da 'yar Baba a wannan shirin take, wataƙila babu mai ce mata ta bar awara. Za a tambaye ta ne me ya hana ta sayen wake da buhu maimakon kwano-kwano.

Tsohuwar hanyarmu ta koyon sana'a ma ta san wannan. Yaron da aka kai shagon tela ko garejin kanikawa yana shekaru, amma maigidansa yana ba shi na abinci, yana fara shi da guga da sa maɓalli kafin ya taɓa almakashi, kuma masu kawo aiki suna ganin fuskarsa kullum har su yarda da hannunsa. Ranar da zai tashi, da wasu daga cikinsu yake tashi. Tsarin yana da nasa zalunci, akwai iyayen gidan da ke bautar da yaro shekara bakwai su sallame shi hannu rabbana, kuma mace mai goyo ba ta da wurin zama a yawancin shagunan. Duk da haka yana ba da abin da takardar shaida ba ta bayarwa, wato amanar mai saye. NDE tun farkonta ta gane haka, shi ya sa ta riƙa tura matasa wurin masu sana'a a shagunansu. Sai dai ɗan biyan maigida a kan lokaci da zagayawa a ga ko yaro yana zuwa aiki ne marar armashi, ba ya cika fili da rumfuna.

Ba ina cewa babu wanda ya amfana ba. Na san wanda ya tara alawus ɗin N-Power ya buɗe shagon POS, na san wadda kajin da ta fara da su bayan horo suka zama gona. Amma duk waɗanda na sani suna da wani abu tun farko: ɗakin da ba sa biyan haya, ko yayan da ke ciyar da gida. Wanda aka ce an yi shirin dominsa, mafi talauci, shi ne wanda wata uku ba tare da shigar kuɗi ba ke karyawa, kuma shi ne dillalan bakin ƙofa suke jira.

Ban saya mata wani keken ba, ko da yake shi ne abin da zuciyata ta fara raya mini. Da na maimaita kuskuren da kuɗina. Na yi magana da telar da ke yi mini ɗinki a Giginyu, ta yarda ta riƙa zuwa shagonta kwana uku a mako, sauran kwanakin ta yi awararta. Tana yin guga da dajiya da sa zif, ana biyanta a kan kowace riga. Ta shiga adashe da matan shagon, ɗaukarta za ta faɗo a watan Sha'aban, tana so ta sayi keke na hannu kafin rububin ɗinkin salla. Da ta je Sabon Gari tambayar farashi, ta tarar na hannun ma ya fi abin da dillali ya ba ta a kan sabo.