Abin da Tsibirin Masunta Ya Koya wa Ɗan Tudu

Mu mutanen Machina a rijiya muka san ruwa. Ƙasarmu ta yashi ce da duwatsu da goruba, yaro yakan girma har ya yi aure bai taɓa sa ƙafa cikin kwale-kwale ba. Idan aka ambaci tsibiri kuwa, sai hankalinmu ya tafi Legas da bakin teku. Alhali daga ƙofar fadar Mai Machinama zuwa bakin tafkin Nguru, mota ba ta cin rabin yini. Duk shekara, in kogin Haɗeja da na Jama'are suka kawo wajen Agusta da Satumba, ruwa yana malale fadamun da ke tsakanin Nguru da Gashuwa, tuddan da masunta ke zaune a kai su koma tsibirai. A ɗaya daga cikinsu na yi baƙunci da hunturu, a gidan wani dattijo da wani dillalin kifi na Nguru ya haɗa ni da shi.

Tun a bakin gaɓa na fahimci agogo ba shi da aiki a nan. Iskar hunturu tana kaɗawa, ruwan ya yi tozo-tozo, dattijon ya dube shi ya ce, "Malam, zauna ka sha shayi, sai ta faɗi tukuna." Muka zauna. Da muka tsallaka ma ba gidansa muka nufa ba, sai da ya kai ni na gai da bulama, aka san ko ni wane ne da abin da ya kawo ni. Tsibiri ƙaramin wuri ne, baƙon da bai yi sallama ba nauyi ne a kan kowa.

Shirun wurin ne ya fara kama ni. Ba ƙugin janareta, ba hon, sai fiton kirinjijiya da suke wucewa garke-garke da magariba, da ƙarar gora tana dukan gefen jirgi. Amma baƙo ne kaɗai yake hutawa cikin wannan shiru. Kafin kiran assalatu maza sun fita duba kalli da gurar Mali da suka kwana a ruwa, cikin sanyin da ke sa yatsu su ƙage. Da hantsi kuma aiki ya koma hannun mata. Na tsaya kusa da uwargidan mai masaukina ina kallo: ta fede tarwaɗa, ta wanke, ta lanƙwasa ta har jela ta haɗu da baki, ta soke da tsinke, ta jera a kan ragar banda. Wuta a ƙasa ba ta ci da harshe, hayaƙi kawai ake so, kuma dole a yi ta juyawa, in an yi sake kifin ya ƙone ko ya yi tsutsa. Idanunta sun kaɗa sun yi ja. Na ce, "Inna, sannu da aiki." Ta ce, "Yauwa ɗana, matsa baya kada hayaƙin ya kama maka riga." Wanda ya ga wannan da idonsa ba zai ƙara raina kuɗin banda a kasuwa ba, don ya san wahalar da ke cikin kowane kwali da ake lodawa zuwa Kano da kudu.

Abinci kam ba a magana. Ƙarfasar da aka ciro yanzu aka ɗora a garwashi, da gishiri da ɗan yaji, ba ta haɗa hanya da wadda ta sha ƙanƙara ta iso mana tudu. Da dare tuwon shinkafar fadamar ne da miyar kurungu. Sun ba ni labarin yadda ake tono gaiwa da rani daga busasshen laka, inda take naɗe kanta tana jiran damina, yara kuma suka kawo mini 'ya'yan bado na ɗanɗana.

Tsuntsayen da nake ta kallo, da yawansu baƙi ne kamar ni. Daga Turai suke ƙetaro Sahara su yi hunturu a nan, su tarar da 'yan gida irin su dinya da zalɓe da balbela. Saboda su ne a shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar, wuri na farko da ya sami wannan matsayi a Najeriya. Dagona da ke ƙasar Bade, tun 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokacin, ya zo ganin tsuntsayenta. Abin yana yi mini ciwo: mutum ya taso daga Ingila, amma ɗan makarantar Machina ya gama sakandare ba a taɓa kai shi ba.

Sai dai manomin tsibiri ba kowane tsuntsu yake yi wa kallon sha'awa ba. Jan-baki na iya share gonar shinkafa cikin ɗan lokaci, kuma maɓoyarsa ita ce kacalla. A kan kacalla ne hirarmu da dattijon ta fi tsawo. Ciyawa ce da ta fi mutum tsayi, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren jefa birgi. Ya nuna mini wani daji nata kore shar, ya ce a nan mahaifinsa yake shuka wake in ruwa ya janye. Asalin abin yana can saman kogi. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, don noman rani da ruwan shan Kano. Da can kogi yakan cika da damina ya ƙafe da rani, ƙafewar nan ce take kashe ciyawar. Yanzu da ake sako ruwa har cikin rani, wasu wuraren ba sa bushewa, kacalla ta sami gindin zama, laka ta taru, ruwa ya karkata ya yi yawa ta Marma, wasu garuruwan kuma ya gaza isa gare su. Mutanen ƙauyuka sukan yi gayya su shiga ruwa iya ƙirji da lauje suna yanka, kafin shekara ta zagayo ta sake tsirowa. A ganina, duk mai iko da buɗe bakin madatsa ya kamata ya kwana ko sau ɗaya a irin wannan tsibiri kafin ya sa hannu a takarda.

Na kuma ga zaman tare da ya burge ni. A jirgi ɗaya za ka ji Badanci da Manganci da Hausa da Fillanci, kowa ya san lokacinsa: masunci da cikar ruwa, manomi da janyewarsa, makiyayi bayan an kwashe amfani. Saɓani yakan faru, amma akwai tafkunan da sarkin ruwa yake hana shiga sai ranar da aka buɗe, kuma ana kiyayewa. Akwai kuma bikin kamun kifi na Bade da ake yi a Gogaram.

Kyan wurin bai rufe mini ido daga rashinsa ba. Mace in naƙuda ta zo mata da gardama cikin dare, a kwale-kwale za a ɗauke ta, cikin duhu, ta hanyoyin da kacalla ta matse.

Wanda ya yi niyyar zuwa, ya nufi tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Ya riƙe goro da sukari na gaisuwa, da gidan sauro, ya nemi izini kafin ya ɗauki hoton matan mutane, ya komo da ledojinsa, kuma in mai jirgi ya ce jirgi ya cika, ya jira na gaba. Shugabannin makarantunmu na Machina da Nguru da Gashuwa, don Allah ku haɗa kuɗin mota ku kai yaran nan bakin tafkin bana.