Ƙofar Landirobar Baba

Duk wanda ya tashi a layinmu a Sabo ya san tsohuwar Landirobar mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, wadda yake shiga ƙauyuka da ita sayen goro. Series III ce mai dogon bodi, irin waɗanda aka ƙera daga 1971 zuwa 1985. Kullum yana alfahari cewa kamfanin Leyland ya taɓa haɗa irinta a nan Ibadan.

Bayan rasuwarsa ƙannena suka ce a sayar wa 'yan gwangwan a raba kuɗin. Na ce a'a, aka bar mini ita a rabona. Inji lafiya lau. Ƙofar gefen fasinja ce ta sauko, sai an ɗaga ta da gwiwa kafin ta rufu, har muka koma ɗaure ta da igiya. Ranar da ta buɗe da kanta a shataletalen Mokola, ɗana ɗan shekara 6 yana jingine da ita, na riƙo rigarsa da hannu ɗaya, ranar na daina wasa da maganar.

Fanel bitan farko bai tambayi komai ba, ya ɗauko guduma. Da ya gama, ƙofar ta yi tumbi kuma ba ta rufuwa. Ashe fatar jikin motar alminiyon ce. Duka yana miƙar da ita, ba ta komawa, in aka matsa sai ta tsage.

Wani dattijo Bayarabe da ya san Baba ne ya duba ta daga baya. Ko taɓa ƙofar bai yi ba. Ya ajiye motar a kan siminti mai lebur, ya auna bakin ƙofa sama da ƙasa, hagu da dama, sannan ya kwanta ƙarƙashi. Ya ce, “Alhaji ƙarami, leƙo ka gani.” Bangon da ke tsakanin inji da direba, wanda hinjin ƙofa ke ɗaure a jikinsa, ƙarfe ne, yana zaune kan wasu hannuwa biyu da suka fito daga shasi. Tsatsa ta cinye na gefen fasinja, bangon ya karkata, ƙofa ta bi shi.

Ya tallafe bangon da jak, ya yanke ruɓaɓɓen, aka yi waldar sabo. Sai da awon ɓangarorin biyu ya zo ɗaya ya sassauta notin hinji, yana ƙara washa yana cirewa, yana rufewa yana buɗewa, kusan wuni guda. Maƙallin kulle ya taɓa a ƙarshe. Ni dai na ƙosa, ba zan ɓoye ba.

Ƙofar da aka daka kuwa ba ta gyaru ba. Sai da na yi sawu uku kasuwar kayan mota ta Agodi Gate kafin na samo tsohuwa, shuɗiya, alhali motar kore ce. Har yanzu ban yi mata fenti ba. Da yatsa biyu Hajiyarmu ta rufe ta ranar Juma'a, ta tambaye ni ina igiyar Alhaji.