Labarin Zuciya, Wa Za A Tambaya?

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Ni ma da wannan karin maganar na taso, da ita kuma na yi ta rubuta littattafaina, in dai tauraruwar labari ta shiga damuwa to sai na sa hawaye ya wanke mata fuska kafin in yarda mai karatu zai tausaya mata. Amma akwai fuska guda da na tambaya ta ɓoye mini gaskiya, na kuwa yi shekaru ina riƙe da mai ita a raina. Fuskar Innarmu ce, ranar da aka fita da gawar Yayanmu, ɗanta na fari, lokacin ina 'yar shekara 16. Mu muna ta birgima muna kuka, ita kuwa tana zaune kan tabarma tana amsa gaisuwa, har da tambaya ko an kai wa baƙi ruwa. Na san da kunyar ɗan fari, amma na ce a raina ai kunya ba ta kai nan ba, ashe dai ba ta son shi.

Wai mutanen Japan da Amurka ne suka warware mini wannan ƙulli, ni da ban taɓa taka ƙasar kowannensu ba. Ƙanena da ke karantar halayyar ɗan Adam a jami'a shi ya ba ni labarin wani gwaji da masana biyu 'yan Amurka, Paul Ekman da Wallace Friesen, suka fitar a 1972. Sun sa ɗalibai Amurkawa da na Japan kallon fim mai tayar da hankali, kowa shi kaɗai a ɗaki, ana ɗaukar fuskarsa a ɓoye. Ai kuwa duka suka yamutsa fuska iri ɗaya, ba bambanci. To da aka shigo da wani babba ya zauna tare da su, sai Amurkawa suka ci gaba da yatsine-yatsinensu, 'yan Japan kuwa suka rufe nasu da murmushi. Ka ga ke nan, ya mai karatu, abin ya taɓa su gaba ɗaya, tarbiyya ce ta raba fuskokin.

Shi Ba'amurke tun yana yaro ake koya masa ya faɗi abin da ke ransa, wanda ya ɓoye ana yi masa kallon mai fuska biyu. Mutumin Japan kuwa har suna ya ba abin: akwai honne, wato ainihin abin da ke ciki, akwai tatemae, wanda ake fita da shi gaban jama'a. A wurinsu ɗora wa wani nauyin baƙin cikinka rashin kara ne. Suna da wata kalma gaman, daurewa ba tare da ƙorafi ba, kuma duniya ta gan ta da ido bayan girgizar ƙasa da ambaliyar teku na 11 ga Maris 2011, inda mutanen da suka rasa gida da dangi suka yi ta bin layin ruwa da abinci shiru.

Hatta wurin da suke duba a fuska ya bambanta. Wani masanin Japan, Masaki Yuki, shi da abokan aikinsa sun nuna a 2007 cewa Amurkawa baki suka fi kallo, 'yan Japan kuwa ido, tunda baki ana iya ba shi umarni, ido kuwa da wuya. Shi ya sa Ba'amurke in zai rubuta murmushi a saƙo sai ya yi :) shi kuwa na Japan ya yi ^_^, duk dariyar a ido take.

Amma abin da ya karya ni shi ne wani gajeren labari na marubucinsu Akutagawa da ya fito a 1916. Wata uwa ta je shaida wa malamin ɗanta cewa yaron ya rasu, tana magana har da murmushi, malamin na ta mamaki. Sai maficinsa ya faɗi, ya sunkuya zai ɗauka, ya hango hannuwanta ƙarƙashin tebur suna kakkarwa, ta damƙe hankici kamar za ta yaga shi. Wallahi ina jin haka na miƙe na tafi wurin Gwaggo, ƙanwar Inna, na tambaye ta wannan rana. Ta dube ni ta ce, "Ke yarinya ce lokacin. Ai ni na riƙa ɗura mata kunu har aka yi bakwai, hular yaron nan kuwa har yau tana ƙasan adakarta."

Ban ce hanyar Japan ta fi ta Amurka ba. Mai haɗiye komai yana iya ciwo a ɗaki ba wanda ya sani, mai amayar da komai kuma yana iya gajiyar da na kusa da shi. Abin da na gane shi ne zalunci ne ka auna zuciyar mutum da mudun da ba na garinsu ba, ko na zamaninsu, ni kuwa haka na yi wa uwar da ta haife ni.

Ran nan na je gida na durƙusa na ce, "Inna ki yafe mini, na daɗe ina zarginki a kan Yaya." Ba ta ce komai ba a kan maganar, cewa ta yi, "Tashi ki duba mini tukunyar nan kar ta kama." Na tashi, amma wannan karon sai da na dubi hannunta, na ga ta cukuikuye bakin zaninta tana murzawa. Allah ya jiƙan Yaya, ya bar mana Inna.