Abin da Na So In Soke a Lissafin Ɗana

Shekara 22 ina buɗe dilar gwanjo a kasuwar Misebo da ke Kwatano. Duk wanda ya yi wannan sana'a ya san akwai kayan da ke zuwa daga Turai ba ka san ko na mene ne ba. A buhun takalma mukan ci karo da wani ƙaton takalmin roba mai tauri kamar tukunya, da ƙarafan ɗaurewa a gaba, ba ya lanƙwasuwa ko kaɗan. Ba mai saye. Yaran shago sukan saka su yi ta tafiyar agwagwa ana dariya, daga baya mu jefar. Ban taɓa zaton wata rana zan tsaya a shago a Faransa ina cinikin irinsa da kuɗina ba.

Babban ɗana yana karatun injiniya a Girenobul, garin da duwatsu suka kewaye ta kowace fuska, inda aka yi wasannin Olimfik na hunturu a 1968. A shekararsa ta biyu abokan karatu suka koya masa zamiya a kan dusar ƙanƙara da wasu dogayen alluna biyu da ake ɗaurawa a ƙafa, abin da ake ce wa siki. Da farko hayar kayan yake yi. Sai wata rana ya turo mini lissafi ta WhatsApp, ya ce, "Baba, haya tana cin kuɗi, ina son in mallaki nawa. Na tara rabi daga aikin hutu, a taimaka mini da rabi." Jimillar ta kusa euro 2,000. Ku buga da sefa 655 kowane euro ku ga abin da ya fita. Mahaifiyarsa ta ce sam, karatu aka tura shi, ba hawan dutse ba. Ni kuwa kuɗin ne ya tsaya mini a rai. Da yake dama ina da niyyar kai masa ziyara a watan Fabrairu, na ce ya dakata sai na zo na gani da idona.

Kwana biyu da saukata ya kai ni Shamrus, wani wurin zamiya a kan dutse, wajen kilomita 30 daga garin. A nan na gane abin iri biyu ne. Akwai gangaren da aka tanada, inji ya daddale ƙanƙarar, ma'aikata na gadi, ka biya kuɗi ka zauna a kujerar da ke rataye a waya ta kai ka sama, ka zamo ƙasa. Sannan akwai masu barin wannan wuri gaba ɗaya, su hau dutse da ƙafarsu da allunan a ɗaure, sa'a uku ko huɗu, zuwa inda ba inji ba mai gadi, sannan su gangaro. Yaron nawa duka biyun yake so, da kaya ɗaya. Na ce masa ai ba a tauna taura biyu.

Washegari muka je shago. Mai shagon wata dattijuwa ce, ta ga alamar zan yi gardama, sai ta baje kayan a kan tebur. Ta ce matsalar guda ce. Mai gangarowa yana buƙatar diddigensa a kulle da kaya mai ƙarfi, ƙarfi kuwa nauyi ne. Mai hawa yana buƙatar diddigensa a sake yana ɗagawa kamar mai tafiya, kuma duk gram ɗin da ke ƙafarsa sai ya ɗaga shi dubban sau kafin ya kai sama.

Ta fara da mariƙi, wato ƙarfen da ke haɗa takalmi da allo, wanda kuma aikinsa ne ya saki ƙafar mutum idan ya faɗi don kada gwiwa ta murɗe. Iri uku ta nuna mana. Na farko mai firam ne: takalmin yana zaune a kan wata sanda da ke ɗagawa gaba ɗaya a kowane taku. Yana da sauƙin kuɗi, yana karɓar takalmin gangare na yau da kullum, amma kowane ɗaya yakan haura kilo. Na biyu mai fil ne, wanda wani ɗan Ostiriya, Fritz Barthel, ya ƙirƙira a shekarun 1980, kamfanin Dynafit ya yaɗa shi. Wasu ƙananan ƙarafa biyu ne ke shiga ramuka a hancin takalmin. Gram ɗari uku zuwa huɗu ne, wani ma bai kai ba. A hawa ba kamarsa, amma a daddalalliyar ƙanƙara mai tauri yana jijjiga ƙafa, kuma ba a so a dogara da shi wajen gudu kullum. Na uku shi ne na tsakiya, irin Shift na kamfanin Salomon da ya fito a 2018: a hawa yana aiki da fil, a gangare sai a juya shi ya kama takalmin kamar mariƙin gangare na sosai. Nauyinsa ya kusa gram 900, kuɗinsa ma ya fi.

Takalmin da ya dace da wannan yana da wani ɗan maɓalli a baya. Ka buɗe, idon sawu ya samu sakewa don tafiya. Ka rufe, ya koma sandararre irin wanda muke jefarwa a Misebo. Ta ja kunnenmu cewa ba kowane takalmi ke shiga kowane mariƙi ba, dole a gwada su tare. Sai kuma abin da ya fi ba ni mamaki, wato fata. Wani dogon ƙyalle ne mai gam a gefe ɗaya da gashi a ɗaya gefen, ana manna shi ƙarƙashin allon lokacin hawa. Gashin ya kwanta baya, don haka allon yana zamewa gaba amma ba ya komawa. A da fatar wata dabbar teku ake amfani da ita, yanzu gashin akuyar Angora ne ko nailan, ko haɗinsu.

Duk wannan na fahimta, don ciniki ne: a rage nan, a ƙara can. Sai na zo kan abubuwa uku na ƙarshen lissafin, wata na'ura kamar ƙaramar waya, da shebur mai naɗewa, da doguwar sanda mai gaɓa-gaɓa da ta wuce mita biyu. Wajen euro 350. Na ɗauki biro zan soke. Na ce waɗannan ba a zamiya da su, a bari sai baɗi.

Yaron ya riƙe hannuna a hankali, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Baba, in za a soke wani abu, a soke allon. Waɗannan ba nawa ba ne, na abokin tafiyata ne."

Dattijuwar ta ƙarasa bayanin. A wajen gangaren da aka tanada, ƙanƙara takan zaftare ta binne mutum, musamman inda dutsen ya tsaya da digiri 30 zuwa 45. Na'urar, wadda Faransawa ke kira DVA, kowa yana rataye da ita a kunne tana aika sigina. Idan an binne ɗaya, sauran su juya tasu zuwa nema, su bi siginar, su soka sandar har ta taɓa shi, su tona da shebur. Wanda aka tono cikin minti 15, tara cikin goma suna rayuwa. Bayan rabin sa'a da 'yan mintuna yawanci numfashi ya ƙare. Jirgin ceto ba kasafai yake isowa cikin wannan lokaci ba. Wanda ke kusa da kai shi ne zai cece ka, da abin da ke cikin jakarsa.

Na ajiye biron. Wallahi kunya ta kama ni. Na ɓata sa'a guda ina ja a kan gram da euro, na zo wurin rai na ce a bari sai baɗi.

Abin da muka yi a ƙarshe, mun sayi allo na hannu mai matsakaicin faɗi da mariƙin tsakiya, mai shagon ta gwada shi a inji ta daidaita shi da nauyin yaron da tsayinsa. Ɗan gwanjo ba ya jin kunyar sayen na hannu. Takalmi mun sayi sabo, don ƙafa ba ta karɓar aro. Na'urar ma sabuwa, don ta ce tsofaffin ba su kai na yanzu saurin nema ba. Na kuma gindaya masa sharaɗi uku: ya shiga horon ceto kafin ya sake hawa, kada ya tafi shi kaɗai, kuma kullum ya duba sanarwar hatsarin zaftarewa da hukumar yanayi ta Faransa ke fitarwa, mai mataki 1 zuwa 5. Daga mataki na 3, inda aka fi samun mace-mace, ya tsaya a gangaren da ake gadi.

Ranar Asabar kafin in dawo na raka su gindin dutse da sassafe. Su biyar ne. Babban cikinsu ya tsaya da na'urarsa, kowa ya zo ya wuce ta gabansa tana ƙara, sannan suka kama hanya. Na tsaya cikin sanyi ina kallo har suka zama ɗigo-ɗigo a jikin farin dutsen.

Da na dawo Kwatano na gaya wa mahaifiyarsa gaskiya, cewa hatsarin yana nan, ban saya masa tsira ba, tsira ta Allah ce. Har yanzu ranar Asabar ba ta ajiye waya sai ya turo saƙon ya sauko. Ni ma haka, sai dai ba na nunawa.

Da yawanmu muna da 'ya'ya a ƙasashen sanyi, kuma lissafi irin wannan zai iya zuwa wa kowa. In ya zo, kafin ka fara sokewa, ka tambayi yaron aikin kowane abu ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fi kama da almubazzaranci a idona, shi ne wanda bai kamata in taɓa ba. Allah ya tsare mana su a inda suke.