Keken Baba da keken yaran yanzu

A daminar bana ɗan ƙanwata, wanda ke karatu a jami'ar da ke Dang, ya same ni da la'asar ya zauna bakin tabarma ya ce, "Kawu, so nake ka raka ni sayen keke." Na yi dariya, don rabona da hawa keke ya fi shekara ashirin. Ya ce ai ba irin namu na da ba ne, na hawan dutse ne, wanda a nan Ngawundere ake ce wa VTT da Faransanci, mai giya da kaurin taya. Shi da abokansa kan fita ranar Lahadi su bi burtalin shanu zuwa tafkin Tison, ko su gangara inda kogin Vina ke zubowa daga kan dutse, su dawo jage-jage da jar ƙasa, wai motsa jiki. Sauran ranaku kuma da shi zai riƙa zuwa makaranta, wajen kilomita 15 daga cikin gari, ya huta da kuɗin ɗan acaba. Kuɗinsa ba su kai na mai tsada ba, shi kuma ba ya son na banza. Na amsa masa, amma a daren nan ba kekensa na kwana tunani ba, na mahaifinmu ne, Allah ya jiƙansa.

Jirgin ƙasa ya iso Ngawundere a 1974, garin ya buɗe, kaya suka fara sauka daga Duwala a tasha ana loda su a manyan motoci zuwa Garwa da Marwa da Cadi. Baba, wanda ke sayar da goro, ya samu ɗan buɗi a wannan hada-hadar, kuma shekarar da ta biyo baya ya ce zai sayi keke. Tsofaffinmu basukur suke cewa, maƙwabtanmu Fulani su ce baskur. Ba a yanke irin wannan shawara a rana ɗaya. An yi wata guda ana maganar a zaure, kowa da nasa ra'ayin, amma duk inda aka zaga sai a dawo kan suna ɗaya, Raleigh, wanda bakinmu ya mayar Rale. Asalinsa daga Nottingham ta Ingila ne, a wancan zamanin kuma kamfanin yana da masana'anta a Kano, don haka yawancin waɗanda muke gani ta Nijeriya suke shigowa, ta Yola ko Mubi zuwa Garwa, sannan su hauro mana.

Ranar sayen, Baba bai tafi shi kaɗai ba. Ya ɗauki wani amininsa mai gyaran keke, ni kuma na bi su a baya ba tare da an gayyace ni ba. Ina tuna yadda mutumin nan ya ɗaga gaban keken ya juya ƙafar, ya kara kunne yana sauraro, ya tsaya har sai da ta gaji ta tsaya don kanta. Ya ƙwanƙwasa ƙarfen jikin da makulli, ya matsa birki, ya bi wayoyin ƙafar ɗaya bayan ɗaya da yatsa kamar mai kaɗa garaya. Bai dubi fenti ba ko sau ɗaya. Da ya gama sai ya ce wa Baba, "Malam, saya. Duk abin da ya lalace a jikin wannan, ina da shi a akwatina." Shi ke nan, aka yi ciniki. A lokacin na ɗauka yabon keken yake yi. Sai daga baya na gane hukunci ya yanke, kuma ma'auninsa ba kyau ba ne ko gudu, abin da za a iya gyarawa a gindin bishiya ne.

Keken baƙi ne wul, taya inci 28, birkin sanda, giya ɗaya tak, da fitilar da ke samun wuta daga gogar taya. Baba ya sa aka naɗe ƙarfen da leda mai launi don kada ya kuje, aka ƙara ƙararrawa ta biyu da madubi. Ranar Juma'a da safe ni ke goge shi da tsumma da ɗan man gyaɗa, wannan ne iyakar rabona da shi. Hawa kuwa sai dai na haya, wanda muke tara kuɗin tashe da na aike mu karɓa na rabin awa, mu zura ƙafa ta ƙarƙashin sandar tsakiya mu riƙa tuƙi a karkace saboda ba mu kai sirdi ba. Tabon da ke gwiwata ta hagu daga nan ne.

Abin da ba ma faɗa idan muna yabon kekunan da shi ne, ba don ƙasarmu aka ƙera su ba. A Garwa, inda Binuwai ta shimfiɗa fili, Rale sarki ne. Manoman auduga na can, tun da aka kafa kamfanin SODECOTON a 1974, idan aka biya kuɗin kaka abin da ke bakinsu keke ne da rediyo da aure, wani lokacin ma a jere haka. Mutum zai ɗaure buhun dawa a baya, ya ɗora matarsa a kan sanda, ya yi tafiyar yini ba tare da ya sauka ba sai in ya shiga rairayi. Mu kuwa a kan tudu muke, sama da mita 1,000 daga matakin teku, kuma sunan garin ma daga dutse ya samo, dutsen cibiya a yaren Mbum. Daga kowace unguwa ka fito, ko ka hau ko ka gangara. Keke mai giya ɗaya a nan rabin tafiyarsa turawa ne. Baba yakan ce shi da kekensa adashi suke yi, ya ɗauke shi a gangara, shi kuma ya biya a hawa.

Ga damina mai tsawo, daga wajen Afrilu har Oktoba. Idan ƙafar ƙarfe ta jiƙe, robar birki sai ta riƙa zamewa a kai kamar sabulu, mutum ya koma taka ƙasa da takalmi yana salati. Masu zuwa Mbe sayo doya su ne suka fi kowa sanin wannan, don sai sun bi ta gangaren nan mai kwana-kwana da ke arewacin gari a kan hanyar Garwa, wanda har manyan motoci ke tsoro. Da yawa sukan sauka su riƙe keken su taka da ƙafa, a gangarar ma, balle a dawowa da kaya.

Daga baya Phoenix na Sin da Hero na Indiya suka cika kasuwa, sun fi araha, siffarsu ɗaya da Rale, kayan wannan na shiga jikin wancan. Mai gyara bai sha wahala ba, ƙwarewarsa ta jiya ta ishe shi yau. Abin da ya karya darajar keke wani abu ne daban. A Janairun 1994 aka rage darajar sefa da rabi, duk abin da ke zuwa daga waje ya yi tsalle, albashi kuma ya riga ya ragu. Kafin mutane su farfaɗo, bayan shekarar 2000 baburan Sin masu araha suka kwararo, ga man Nijeriya da ake sayarwa a kwalabe bakin titi, wanda muke kira zuwa-zuwa. Saurayin da a da zai yi adashi don keke sai ya karɓi babur ya shiga acaba. Keke ya koma na mai gadi, da mai tallan burodi, da dattijon da ya ƙi sauya hali. Ni kaina a lokacin na jingine nawa, kuma ba zan ɓoye ba, kunya ce ta sa.

Shi ya sa abin ya ba ni mamaki da na ga keke ya dawo ta ƙofar 'yan boko, sanye da hular kwano. Na bincika asalin wannan na hawan dutse, sai na ƙara dariya. A ƙarshen shekarun 1970 ne wasu samari a Kalifoniya ta Amurka, irin su Gary Fisher da Joe Breeze da Tom Ritchey, suka riƙa ɗauko tsofaffin kekuna masu nauyi suna gangarowa da su daga duwatsu a kan hanyar ƙasa don nishaɗi. Daga nan suka fara ƙera nasu, a 1981 kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper ga kowa da kowa, a 1996 kuma wasan ya shiga gasar Olamfik a Atlanta. Wato abin da masu doyar Mbe ke yi don neman abinci, da buhu a baya, shi wasu suka mayar wasa har da lambar zinariya. Sai dai in za a faɗi gaskiya, wasan nasu ya haifar da keken da tuntuni muke bukata a kan wannan tudun.

Muka tafi kasuwa ni da yaron, na kuma yi abin da Baba ya yi, na biya na ɗauki mai gyara. Wani magidanci ne da ya gaji sana'ar, yana da rumfa kusa da ƙaramar kasuwa. Abin da ya fara ɗaukar idon yaron sabo ne fil cikin leda, ja da fari, da shokozoba gaba da baya, an rubuta masa sunaye manya-manya, kuma kuɗinsa ya fi na kowa sauƙi. Mai gyara ya ɗaga shi ya ajiye, ya danna sirdin sau biyu, ya ce, "Samari, wannan kyan ɗan maciji ne." Ya bayyana mana cewa sifirin ɗin baya a irin wannan farashi ba ya shanye komai, tsalle kawai yake, ya cinye ƙarfin ƙafarka a hawa. Mahaɗar da yake juyawa a kai takan saki cikin damina ɗaya, keken ya riƙa rawa da ƙugu, ga nauyi, ga shi ba inda za ka ɗaura kariya. Har sunan Shimano da ke jikin giyar, ya kankare da farce ya nuna mana takarda ce aka liƙa.

Na biyun da yaron ya tsaya a kai gwanjo ne daga Turai, irin wanda ake sauke wa a tashar jirgin ruwan Duwala, kuma wannan kam keke ne na gaske. Taya inci 29, birki mai aiki da mai kamar na mota, shokozoba mai iska, giya goma sha biyu a baya. Mai gyara ya shafa shi da girmamawa, sannan ya tambayi yaron, idan tayar ta fashe a Dang wa zai sayar masa da wata? Idan birkin ya sha iska, ko siririyar sarƙar nan ta tsinke? Sai a aika Yawunde ko Duwala, a jira, a biya kuɗin da ya kusa na wani keken. Yaron ya yi shiru.

Wanda muka tsaya a kai tsaka-tsaki ne, shi ma gwanjo, Rockrider na Decathlon, irin mai shokozoba a gaba kawai, bayansa a sandare kamar na Rale. Jikinsa alminiyom, taya inci 26 wadda ake samu a kowace rumfa, giya uku a gaba takwas a baya, birkin waya. A nan ne na ga aikin gado. Mutumin ya goge ƙurar da ke kan waldar wuyan keken da ta ƙarƙashin feda yana neman tsaga, don a cewarsa ƙarfe idan ya tsage kowane mai walda zai ɗinke, alminiyom kuwa in ya tsage sai dai a yi masa sallama. Ya riƙe birkin gaba ya tura keken gaba da baya ko zai ji ƙwas-ƙwas a wuya. Ya duba sandunan shokozoban ko tsatsa ta ci su. Ya ja sarƙar daga kan babban haƙorin gaba ya ga iya tasowarta, ya dubi haƙoran baya ko sun yi tsini kamar ƙaya. Ya karanta sunan da ke jikin abin sauya giyar, Acera, ya ce a jerin kayan Shimano wannan ya ɗara Tourney da Altus, bai kai Alivio da Deore ba, amma zai yi shekaru in ana wanke shi ana sa mai. Daga ƙarshe ya sa yaron ya tsaya da sandar a tsakanin ƙafafunsa, ya tabbatar akwai tazarar yatsu huɗu, don keken da ya fi ƙarfin mai shi a kan dutse asibiti yake kai shi.

Sai ya juya gare ni ya ce, "Alhaji, a saya. Ba abin da zai lalace a nan da ba ni da shi." Na dube shi na daɗe. Bai san dalili ba.

Ya ba mu shawara kada mu ƙarar da kuɗin gaba ɗaya a kan keken. Abin da ya rage muka sayi sabuwar sarƙa da robar birki da wayoyi, da famfo da kayan faci, da hular kwanon da na so in yi wa dariya har sai da na tuna tabon gwiwata. Ni kuma daga aljihuna na sa aka ɗaura masa kariya, ko da yake yaron ya ɓata rai wai za ta ɓata masa tsari. Keken da ba zai ɗauko wa uwarsa buhun masara ba, ni ban san sunansa ba.

A hanyar gida na ce ya ba ni in taɓa. Akwai wani hawa kafin unguwarmu da na tura keke a kansa sau ɗari ina yaro, na kuma ga Baba ya tura nasa har gemunsa ya yi fari. Yaron ya ce, "Kawu, danna na hagun, ka mayar ƙarami." Na danna, sarƙar ta faɗa, ƙafata ta yi sauƙi kamar an sauke mini kaya, na haye har sama ina zaune a kan sirdi, da babbar riga, ina haki amma ban sauka ba. Duk son da nake wa Rale, wannan bai taɓa yi mini ba.

Ko na yaron zai kai shekara nawa, wannan sai mu gani. Na Baba dai bayan rasuwarsa an ba wani ɗan'uwanmu a Mbe. An sauya masa ƙafa biyu da sirdi da sarƙa ba adadi, an yi masa walda a wuya, ledar nan ta daɗe da ƙarewa. A kakar bara na gan shi a jingine bakin titi, an ɗaura masa doya.