Dattawan Da Suka Ɓace A Cikin Kwamfuta

Wata ɗaliba da ke shekararta ta ƙarshe a Sashen Hausa ta zaɓi karin harshen Yamma domin kundin digirinta. Ta shafe hutun damina tana zagaya ƙauyukan da ke kewayen Ƙaura Namoda, tana rubuta wanda ya ce "shina" da wanda ya ce "yana", tare da garinsa da shekarunsa. Da ta komo makaranta sai ta zuba abin da ta tattaro a cikin manhajar ƙididdiga mai suna R, watau wadda Ross Ihaka da Robert Gentleman suka ƙirƙiro a Jami'ar Auckland ta ƙasar Niyu Zilan, aka fitar da cikakken bugunta na farko a shekarar 2000.

Abin da take so shi ne ta ware waɗanda suka haura shekara 60, domin a bakinsu ake sa ran samun tsohon kari. Da ta ba da umarnin warewa, sai ga layuka da dama sun fito babu suna, babu gari, sai alamar NA reras. Ta sake gwadawa da wani umarni da ake kira subset, jadawali ya fito tas, amma fa dattawan sun ragu ƙwarai. Har wata tsohuwa da ta wuni tana ba ta tatsuniya ba ta ciki. Ga lokacin miƙa kundi ya gabato. Nan take ta yanke hukuncin cewa manhajar ce ke da aibi.

Ta sami wani ɗalibi mai neman digiri na biyu a Sashen Lissafi, ta ce, "Malam, ina ake kai ƙarar wannan abu? Ya cinye mini mutane." Ya ce, "Malama, ruwa ba ya tsami banza. Ɗauko layi 5 kacal, har da na tsohuwar, mu maimaita umarnin a kansu."

Da jadawalin ya ƙanƙance sai gaskiya ta bayyana. Gurbin shekarun tsohuwar fayau yake, domin da aka tambaye ta cewa ta yi an haife ta a shekarar fara, ɗalibar kuwa ba ta rubuta lamba ba. Irin wannan gurbi R kan cike shi da NA, ma'ana ba a sani ba. Idan aka tambaye ta ko abin da ba a sani ba ya haura 60, amsarta ita ce ba a sani ba. Umarnin farko sai ya mayar da layin duka NA, shi kuwa subset sai ya ɗauki rashin sani a matsayin a'a, ya yar da layin ba sanarwa. Dukansu haka aka tsara su, kuma an bayyana a bayanan da ke tare da manhajar. Daɗin daɗawa, wani wuri ta rubuta Ƙaura, wani wuri Kaura, alhali ga kwamfuta ƙ da k baƙaƙe biyu ne da ba su haɗa dangi ba.

Sa'an nan ya nuna mata inda ake kai ƙara in har aibin na gaske ne. Idan a gangar jikin R yake, akwai rajistar kurakurai mai suna Bugzilla wadda masu kula da manhajar ke dubawa. Idan kuwa a ɗaya daga cikin ƙunshiyoyin da jama'a suka rubuta suka ajiye a ma'ajiyar CRAN yake, to mai kula da wannan ƙunshi ake nema, umarnin maintainer kuma kan ba da sunansa. Ko ina za a kai, lalle ne a haɗa da ɗan ƙaramin misali wanda kowa zai iya maimaitawa, da abin da aka zata za a gani, da abin da aka gani, da sakamakon umarnin sessionInfo mai faɗin bugun da ake aiki da shi. Ƙarar da ba ta da waɗannan shaidu ɓata lokacin mutane ce, waɗanda da yawansu aikin sa-kai suke yi.

Ɗalibar ba ta aika da ƙara ba. Ta daidaita rubutun sunayen garuruwa, ta nemo duk gurbin da ke fayau da umarnin is.na, ta koma ga littafinta na fili, ta buɗe sabon rukuni na dattawan da ba su san shekarunsu da lamba ba. Da ta kai kundin a yadda yake da farko, da sakamakon ya fito ba tare da muryar waɗanda aka yi binciken dominsu ba, kuma babu mai duba da zai gane. Haƙiƙa matambayi ba ya ɓata, amma kafin ya fita tambaya ya kamata ya fara ƙidaya mutanen gidansa.